Barcin Baffa Nasidi

Ranar Asabar ce bayan la'asar, mako biyu da ƙaramar salla. A wani gida a unguwar Mu'aither, Baffa Nasidi yana kishingiɗe a falo yana sauraron muryar kansa a waya karo na uku.

Bari a gabatar da shi yadda ya kamata, don mutum ne da duniya ba ta cika ba shi haƙƙinsa ba, kamar yadda ta saba yi wa masu basira irinmu. Shekararsa goma sha huɗu a Doha yana aikin kai-komon takardu a wani kamfani a West Bay. Gemunsa baƙi wuluk, kuma duk wanda ya ce rini ne, hassada ce ke cin sa. Tun da aka sake buɗe gidajen silima bayan kullen korona bai taɓa fashin Juma'a ba. A sauko daga masallaci, ya ci tuwo, ya fesa turare, ya tafi kallon ƙarfe uku. Kafin magariba sharhinsa ya faɗa guruf ɗin Hausawan Doha, minti bakwai, wani lokacin tara. Mutum ɗari biyu da ɗoriya ne ke jiran sa. Har makanikan Sanaiya, unguwar masana'antu, sukan tambaya, "Baffa bai yi magana ba tukuna?"

"Saudatu, saurari nan," ya ce wa matarsa. "Kin ji inda na ce jarumta ta auri hikima? Wa ya iya irin wannan a garin nan?"

"Na ji jiya, na ji da safe," in ji Anti Saudatu tana jera kofuna. "Alhaji, baƙo za a yi. Ka sa hula."

Baƙon kuwa na Firdausi ne, 'yar yayansa Malam Siddiƙu na Ɗorayi a Kano. Digiri na biyu take yi kan lafiyar al'umma da tallafin karatu, tana kwana a hostel, ƙarshen mako ta zo gidan Baffa. A watan Disamba tallafin zai ƙare, takardar zamanta ta ƙare tare da shi. Da ta kai wa mahaifinta maganar wanda take so, amsa ɗaya ya ba ta a waya: "Ban san yaron ba, ban san Ghana ba. Nasidi ne idona a can. Abin da ya ce, shi ke nan."

A ƙofar silima suka haɗu, bara. Ta fito daga wani fim na 'yan leƙen asiri tana mita ita kaɗai: "Mace ta yi gudun kilomita biyar da takalmi mai tsini, jan-bakinta ko gogewa bai yi ba. Mu za a raina wa hankali." Sai ma'aikacin da ke tsaye da tocila, fuskarsa rufe da takunkumi, ya amsa mata da Hausa, "Ni sau talatin na gan shi, har yau takalmin bai karye ba." Mas'udu ke nan. Daga musun finafinai aka koma musayar lamba, daga nan kuma sai abin da kuka sani.

Ran Asabar ɗin Mas'udu ya yi sallama cikin farin yadi, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Firdausi tana leƙe ta labulen kicin, ta ga ya ɗan yi turus da ya ɗaga ido ya ga fuskar Baffa, kamar wanda ya taka ƙaya. Ta ɗauka kunyar surukai ce.

"Ɗan ina ne kai?"

"Aboabo, a Kumasi, Baba. Kakana daga Katsina ya zo fataucin goro."

"Kowa a Zongo kakansa daga Katsina ya zo," in ji Baffa. Har lokacin bai huce fitar da Najeriya da Ghana ta yi daga zuwa gasar kofin duniya ba. "Aiki fa?"

"A silima nake, Baba. Ina duba tikiti, ina nuna wa mutane kujera."

"Au, mai tocila. To, wadda nake zuwa dai babu Bahaushe ko ɗaya. 'Yan Kenya ne da 'yan Filifin, duk na san su, suna girmama ni ƙwarai."

Mas'udu ya sunkuyar da kai.

Baffa ya gyara zama, an zo inda yake masa ƙaiƙayi. "Tunda a cikin abin kake, ka ga sabon nan na jarumai uku masu ɗamammun kaya, masu tashi sama?"

"Na gani, Baba, sau goma sha ɗaya."

"Ka ji sharhina?"

"Na ji."

"To, me ka ce?"

Kwana uku Firdausi tana yi masa bita: in aka tambaye ka fim, ka ce madalla, ka yi shiru. A bayan labule ta dunƙule hannu tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Gaskiya, Baba, ban so shi ba."

Anti Saudatu ta ajiye butar shayi a hankali.

"Yayana yana ɗaure rodi, a Sanaiya yake kwana," Mas'udu ya ci gaba. "Bene ɗaya sai su yi shekara uku a kai, cikin ranar nan da kuka sani. A fim ɗin nan na ƙirga, bene goma sha tara suka rusa don a ceci mutum ɗaya, aka yi ta tafi. Ba wanda ya tambaya wa ya gina, ko wa ke ciki yana shara. Ni in na ga gilashi yana zubowa, mai goge shi nake tunawa. Kuma ƙarar ta yi yawa paa, labarin bai cika cokali ba."

"Wato mutum ɗari biyu da suka yaba sharhina wawaye ne?"

"A'a, Baba. Ra'ayina kuka tambaya."

"Na tambaya. Na kuma ji. Khalas, shi ke nan, a gai da gida."

Ko shayin ba a sha ba. Yana fita Firdausi ta faɗo falo kamar an jefo ta.

"Baffa, fim ne fa. A kan fim za a kori mutum?"

"Ba a kan fim ba ne, a kan tarbiyya ne. Yaron da zai zauna a kan dardumata ya ce ba ni da ido, gobe me zai ce wa ubanki?"

"Bai ce ba ku da ido ba. Kuma wallahi fim ɗin boring ne, ni ma rabinsa ina danna waya."

"Kin gani ko, Saudatu? Har ya fara ɓata ta." Ya dafe ƙirji kamar wanda aka soka. "Sharaɗina ɗaya. Ya tura murya a guruf ya ce ya sake kallo, ya gane Baffa Nasidi ne da gaskiya. In ya yi, na duba maganarsa. In bai yi ba, ya riƙe tocilarsa, mu riƙe 'yarmu."

A gabanta ya kira Kano. Ya ce yaron ba shi da ladabi, ba a san asalinsa ba, sana'arsa yage takarda. Malam Siddiƙu ya nemi a ba shi Firdausi. "Ki gama karatunki ki dawo gida," ya ce, muryarsa ba faɗa, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta shige ɗaki ta kifa kai a cinyar Anti Saudatu, ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe.

Washegari ta sami Mas'udu lokacin hutunsa a wurin cin abinci na kantin da silimar take.

"Please, Mas'udu. Minti ɗaya ne. Ka ce fim ɗin ya yi kyau, a wuce wurin."

"Zan je in durƙusa in ba shi haƙuri na ɓata masa rai. Sau goma ma. Amma fim ɗin ba shi da kyau, Firdausi."

"To sai me? Mutane nawa ne suke yabon miyar surukarsu alhali gishiri ya yi yawa?"

"Wannan a gaban mutum ɗari biyu ne. In na shiga gidanku da ƙarya, da me zan zauna a ciki?"

"Da ni za ka zauna," ta ce, ta ɗauki jakarta. "Amma na ga alama ka fi son gaskiyarka."

Ya je ya durƙusa kamar yadda ya ce. Baffa ya karɓi haƙurin, ya tambayi muryar guruf, bai samu ba, ya nuna masa ƙofa. Ita kuma ta yi mako biyar ba ta ɗaga wayarsa. Yaran zamani ke nan, fushinsu ma da lissafin mako.

A Juma'a ta shida ta kasa daurewa. Ta ce bari ta je ta gan shi daga nesa, ba magana za ta yi masa ba, gani kawai. Ta sayi tikitin ƙarfe uku, ta zauna a layin ƙarshe. Fim ne na wani dodon teku da ya fito yana tattake gari. Ana shirin kashe fitilu sai ƙamshin turaren da ta sani ya riga mai shi shigowa. Baffa Nasidi ne, da babbar riga da kwalin gugguru, ya zauna layi huɗu a gabanta. Ta nutse cikin kujera ta ja mayafi.

Minti ashirin na farko yana kallo yana gyaɗa kai. Kafin dodon ya gama fitowa daga ruwa, hular Baffa ta karkata. Tuwo ya yi aikinsa, sanyin na'ura ya yi nasa, kujera mai laushi ta ƙarasa sauran. Ana harba rokoki a allo, Baffa yana amsawa da minshari. Awa biyu da kwata bai motsa ba. Firdausi ta fito da waya ta ɗauki bidiyo tana danne dariya.

Da aka kunna fitilu mutane suka watse, sai ga ma'aikaci da takunkumi da tocila ya nufo shi. Mas'udu ne. Ya tsince guggurun da ya zube a rigar Baffa, ya gyara masa hula, sannan ya taɓa hannun kujera a hankali.

Baffa ya buɗe ido ɗaya. "Yalla, my friend. How finish?"

Da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, Mas'udu ya zayyana masa labarin tun daga inda barci ya ɗauke shi: wa ya mutu, wa ya ci amana, yadda aka mayar da dodon ruwa. Baffa yana ji yana cewa "good, good". Ya miƙe ya kira gida, yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da yaron.

"Saudatu, ki ɗora shayi, gani nan. Ina tare da yaron nan ɗan Kenya da nake ba ki labari. Ba ya jin ko zo in kashe ka da Hausa, amma yana da hankali. Ba irin wancan mai tocilar na Firdausi ba."

Daga nan ya fita baranda ya gyara murya, ya fara sharhin mako: "Jama'a, yau na ga abin da ya girgiza ni."

Firdausi ta tare Mas'udu a bakin ƙofa kafin ya ɗauki jakar shara.

"Tun yaushe?"

Ya ja numfashi. "Tun da aka buɗe bayan kulle. Ran farko ya tambaye ni da Turanci, na amsa da Turanci. Da ya fara waya da Hausa a gabana kuma, na ga in na yi magana zai ji kunya. Shi ke nan aka tafi a haka."

"Wato duk sharhin nan da ake yi wa kabbara, daga bakinka yake fitowa."

"Labarin nawa ne. Yabon nasa ne."

Ta nuna masa wayar. "Ka ga wannan? Minti uku na minshari. Ba sai na tura guruf ba ma. In nuna masa kawai, wallahi gobe da kansa zai kira Abba."

"Goge shi."

"Ba zan goge ba. Shi ya ji tausayinmu? Disamba saura wata biyar, Mas'udu. In na hau jirgin nan, shi ke nan fa."

"Na sani. Ni ma ina ƙirgawa." Ya sauke takunkumin zuwa haɓa don ta ga fuskarsa. "Mutumin nan kwana shida yana bin layi a ofisoshi, ana kiran lamba, yaran da ya isa ya haifa suna daka masa tsawa. Ran Juma'a kaɗai yake zama wani abu. Ba ni zan ƙwace masa ba. Kuma in da tsoro ya ba ni ke, kullum ya gan ni zai ga maƙiyi. Wayarki ce, ba zan ƙwace ba. Amma ran da ya ga bidiyon nan, na fita daga maganar."

Ta dube shi, ta cika ta yi fam. Ta danna, ta goge, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar.

"Kai da Baffa duk kanku ɗaya ne," ta ce. "Taurin kai kamar ganda."

"Chale, ke fa?" ya ce, kamar yadda 'yan Ghana ke kiran aboki.

Ba ta so ba, amma sai da ta yi murmushi.

Watannin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Baffa ya fara yabon wani injiniya ɗan Zariya a kan tebur, safe da yamma, motarsa, albashinsa, yadda yake tura alamar tafi a ƙarƙashin kowane sharhi. Rannan Firdausi ta ajiye cokali.

"Baffa, ba zan auri wanda ba ku yarda da shi ba. Kuma ba zan auri wanda ban yarda da shi ba. Ina nan, ba inda za ni."

"Kin ji rashin kunya cikin ladabi," in ji Baffa.

Duk Juma'a in sharhi ya shigo guruf, sai Firdausi ta ji maganar barcin Baffa ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta da ruwa. Anti Saudatu takan dube ta ta gefen ido ta ce, "Ki dai ci gaba da haƙuri, 'yata." Da gasar kofin duniya da za a yi a ƙasar ta matso aka ɗage dokar takunkumi, ma'aikatan silima duk suka yar da nasu. Mas'udu kaɗai ya ci gaba da sa nasa ran Juma'a. Abokan aikinsa suna tsokanarsa wai korona ta tafi ta bar shi a tasha.

A watan Nuwamba gari ya cika ya batse, tutoci a kowane bene, jirgin ƙasa ba masaka tsinke. Cikin baƙin har da Malam Siddiƙu. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya saya masa tikitin wasa, don shekara talatin ya yi yana hedimasta. Ya zo da niyya biyu: ya ga ƙwallo, ya koma da 'yarsa. An riga an yanki tikitin jirginsu su biyu, farkon Disamba.

Ran Juma'a bayan tuwo Baffa ya kasa haƙuri. "Yaya, yau sai ka ga inda ƙaninka ya yi suna. Firdausi, ɗauko mayafinki ki raka mu."

Kowa yana wajen ƙwallo, silimar ba ta da mutum goma. Baffa ya sha gahawa kofi biyu kafin su shiga, ya zauna a miƙe kamar soja. Firdausi tana tsakaninsu tana kallon yaƙin da yake yi. Ya mintsini cinyarsa. Ya tauna gugguru da ƙarfi. Fim ne na masu tseren motoci, ƙara kamar za ta tsaga rufi, amma shekara biyu na sabo ba wasa ba ne. Minti arba'in ya yi, abin a yaba masa, sannan hula ta karkata.

Malam Siddiƙu kuwa ko ƙiftawa bai yi ba. Da aka kunna fitilu ya juya ga 'yarsa.

"Awa biyu da rabi, ban ga wanda ya gai da wani ba. Ba wanda ya ci abinci ya ƙoshi. Mota ta faɗo daga kan dutse, direba ya fito yana gyara kwalar riga. Su yaran nan ba su da iyaye ne?" Ya leƙa ta gabanta. "Nasidi. Kai, Nasidi. Barci ka yi?"

Baffa ya zabura. "Ni? Lumshe ido na yi ina nazari, Yaya. Haka manyan masu sharhi suke yi."

"To madalla. Ni ban gane ƙarshen ba. Wa ya sace akwatin?"

Baffa ya yi tari. Ya gyara hula. Idonsa ya shiga yawo yana neman ƙofa. Firdausi ta dubi mahaifinta. Kalma biyar ta isa: Abba, kullum haka yake yi. Tikitin jirgi yana cikin jakar mahaifinta, saura kwana tara. Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini, ta yi shiru.

Mas'udu ya iso da jakar shara. Ya tsaya yana tattara kofuna a layin gabansu, yana magana da Turanci kamar mai hira da duk wanda ya ga dama ya ji: yau mutane da yawa sun yi mamaki da aka gano ƙanin jarumin ne ya sace akwatin, shi ne kuma ya mayar da shi a kan gada.

"Ƙaninsa ne, Yaya," in ji Baffa da sauri. "Abin da nake shirin faɗa ke nan. A kan gada."

Malam Siddiƙu ya koyar da Turanci kafin a haifi yaron nan. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi ma'aikacin. Ya yunƙura zai tashi gwiwa ta ƙi, sandarsa ta zame ƙarƙashin kujera. Mas'udu ya ɗauko ta, ya miƙa masa da hannu biyu, ya tallafe shi har ya tsaya.

"Allah ya yi maka albarka, yaro," in ji tsohon, da Hausa, don bakinsa ya saba.

"Amin, Baba. Na gode."

Kafin ya ankara har ya rusuna. Shekara biyu ya riƙe harshensa a gaban zagi da yabo, amma ɗan da aka yi wa tarbiyya a Zongo ba ya barin albarkar babba ta faɗi ƙasa ba amin.

Kwalin gugguru ya suɓuce daga hannun Baffa.

"Bahaushe ne kai?" Malam Siddiƙu ya tambaya. "Sauke abin nan in ga fuskarka."

Ya sauke. Baffa Nasidi ya koma ya zauna ba tare da ya yi niyya ba. A fuskarsa kana iya ganin Juma'o'i kusan ɗari suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, da duk wayar da ya yi a gaban ɗan Kenya.

"Abba," in ji Firdausi, "shi ne Mas'udu."

"Marar ladabin?" Tsohon ya jingina da sandarsa. "Yaro, ƙanina ya daɗe yana zuwa nan?"

"Ya daɗe, Baba."

"Kullum haka yake nazari?"

Mas'udu ya dubi ƙasa. "Baba Nasidi babban baƙonmu ne. Bai taɓa fita bai yi mini godiya ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na sani, Baba. Ku yi haƙuri."

Malam Siddiƙu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya. "Nasidi, kai ne idona a garin nan. Me idon ya gani?"

A nan ne za ku san Baffa Nasidi ba ƙaramin mutum ba ne. Wani da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya shafa gemu.

"Yaya, ai shi ya sa na kawo ka nan takanas. Kana tsammanin ban san shi ba? Ni? Jarrabawa nake masa. Na yi kamar ina barci in ga ko yana da riƙon amana. Na zage shi a gabansa in ga ko yana da haƙuri. Na ce ya yi ƙarya a guruf in ga ko zai sayar da gaskiyarsa saboda mace. Duk ya ci. Ba kowa zan ɗauki 'yarmu in ba shi haka kawai ba."

"Har da minsharin duk cikin jarrabawar ne?"

"Sai da shi abin yake kama da gaske."

Kafaɗun tsohon suka fara rawa. Ya yi dariya har sai da ya share ido da bakin rawaninsa. "To, tunda ya ci, sai ka ba shi sakamakonsa."

Baffa ya miƙa wa Mas'udu hannu, ya riƙe shi fiye da yadda ake riƙe hannu a gaisuwa. Ya matso kusa da kunnensa, amma Firdausi ta ji. "Ka yafe ni, ɗana." Da ƙarfi kuma ya ce, "Ka turo manyanka. Amma fim ɗin jaruman nan uku yana da kyau, wannan ba zan janye ba."

"Ba shi da kyau, Baba."

"Ka ji shi ko, Yaya?"

A mota, Firdausi tana baya tana kuka marar sauti, irin wanda ba ya ciwo. Mahaifinta ya juyo. "Kin san da wannan tun yaushe?"

"Wata biyar, Abba."

"Kika yi shiru?"

"Shi ya hana ni. Da ni kaɗai ce, da tuni na fasa ƙwai."

"To ki riƙe shi da kyau. Namijin da ya rufa asirin wanda ya kore shi daga gida, naki asirin ba zai taɓa kwana a waje ba."

Ta koma Kano tare da mahaifinta kamar yadda aka tsara, sai dai da kayan lefe a lissafi, ba da baƙin ciki ba. Manyan Mas'udu suka taso daga Kumasi, kwana biyu a mota, da huhun goro irin wanda Ɗorayi ba ta taɓa gani ba. Aka ɗaura aure a watan Fabrairu, Baffa Nasidi ne waliyyi.

'Yan mata da samari, ga abin da za ku ɗauka. Gaskiya ba ta hana ladabi, ladabi kuma ba ya buƙatar ƙarya. In Allah ya ɗora asirin babba a tafin hannunku, ba makami ya ba ku ba, amana ce, ko da babban ya zalunce ku. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, mai gaggawa kuwa ya fasa tukunyar ya rasa duka. Mu kuma manya, ba laifinmu ba ne in an yi kujerun silima da laushi.

Ran walima, Baffa ya shigo cikin gida inda amarya take zaune tsakanin gwaggwanninta. Ya tsaya a tsakar gida ya ba su labarin yadda shi da kansa ya zaɓo angon daga cikin dubban samarin Doha, ya yi shekara biyu yana sa masa ido, ko runtsawa bai yi ba. Gwaggwanni suna ta sa masa albarka. Ɗaya ta juyo ta ce, "Firdausi, haka aka yi?"

Amarya ta ɗaga mayafi ta dubi baffanta. Shi ma ya dube ta, gemu baƙi wuluk, ido yana roƙo.

"Baffa ya yi ƙoƙari sosai, Gwaggo," ta ce, ta sauke mayafinta.